Maharbin da Na Hana wa Uwa

Ƙanwata, autar gidanmu, ita ta kawo mana wasan, a shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan. Ta dawo Malumfashi daga Zariya da akwati ɗaya da katifa a naɗe, tana cewa sati biyu za ta yi. Aka yi shuka tana nan, aka yi noman farko tana nan, masara ta kai ƙugu tana nan. Da zaman ya ishe ta, wata rana bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zazzage wata 'yar jaka. 'Ya'yan lido ne, amma ba irin waɗanda muka saba da su masu fuska shida ba. Akwai mai fuska huɗu, akwai mai takwas, akwai wani kore mai fuska ashirin wanda in an jefa shi sai ya gangara har bakin kwata.

Ƙanena mai bi mini, wanda ke sayar da taki da maganin feshi a kasuwa, ya dube su ya dube ta.

"Auta, caca kika koyo a makarantar?"

Ta ce ba caca ba ce, ba a cin kowa. Labari ake ginawa tare. Kowane ɗan wasa zai ƙirƙiri mutum ɗaya a takarda, ya zama shi ne bakinsa shi ne ƙafarsa. Ita kuma ita ce mai jan labari: za ta faɗi inda ake da abin da ya taso, kai ka faɗi abin da mutuminka zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya yi nasara ko ya sha ƙasa.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Funtuwa. Dogon hutu ne, na bar iyalina can na zo duba gonar da mahaifinmu ya bar mana. Na ce musu ni na girmi wasan 'yar tsana, ko da tsanar ta takarda ce. Na ja kujera gefe da jarida, ina kallonsu ta saman gilashina.

Auta ta yago shafuka daga tsohon littafinta na makaranta ta ja layuka da fensir. A sama suna da sana'a. Ƙasa da su ƙarfi, wayo, iya magana da juriya, kowanne a jefa lido a rubuta lambar da ta fito. Sai tambayoyi: me yake tsoro, me yake nema, wa ya tsana. Bayan takardar kuwa ta bar shi fari fat, ta rubuta kalma ɗaya a samansa, Asalinsa. Littafin dokokin wasan yana cikin wayarta, cike da hotunan mutane masu sulke da dogayen kunnuwa. Ta ce ba ruwanmu da waɗannan. Ta juya tsohuwar kalanda ta zana ƙasa tata ta kanta, da garuruwa da kogi da wani dogon dutse, ta ce a zaɓi maƙeri ko maharbi ko falke ko mai magani.

Ƙanena ya zaɓi maƙeri. Lido ya ba shi ƙarfi sha bakwai, wayo shida, na ce wasan nan ashe ya san mutane. Bai kula ni ba, ya duƙufa a kan asali. Ya cika bayan takardar ya nemi ƙari. Ya rubuta kakan maƙerin da garin da ya yi ƙaura daga gare shi, ya rubuta kawunnai huɗu da halin kowannensu, da gwaggo mai aure a garin gabas, da surukai, da aminin ƙuruciya, har da wanda ya yi masa kaciya. Mutumin da ba ya iya rubuta wa matarsa saƙon waya mai layi biyu, ga shi ya cika shafi uku.

Sai auta ta buɗe labari. Rijiyoyin garin maƙerin sun ƙafe rana ɗaya, ana neman wanda zai haura dutse ya gano abin da ya toshe idon ruwa. Ta dubi ƙanena ta ce, "Me za ka yi?"

Ya ce, "Sai na fara sanar da kawu."

Dole ta zama kawu. Ta sauya murya ta ce, "Je ka, Allah ya tsare."

Ya girgiza kai. "A'a. Kawun nan ba ya sakin mutum da sauƙi haka. Ni na rubuta shi, na san halinshi. Sai ya tambayi wa zai kula da maƙera."

Haka suka yi ta yi. Daga wurin kawu ya wuce gidan surukai yin sallama, ba a kuwa shiga gidan surukai a fito a tsaye. Daga nan ya ce gwaggo za ta ji haushi in ta ji labarin tafiyar a bakin wani. Ya tsaya auna wa iyali hatsin da zai ishe su. La'asar uku suka yi, mutanen gari na mutuwa da ƙishirwa, maƙeri bai kai ƙofar gari ba.

A rana ta huɗu auta ta jefar da fensir.

"Yanzu na gane abin da ya sa jaruman littafin nan kusan duk marayu ne. Maraya ba ya neman izinin kowa." Ta juyo wurina. "Yaya, don Allah ka shigo. Ina son maharbi da zai ja shi zuwa daji. Amma ka yi shi ba dangi. Ko ɗan'uwan kaka ban yarda ba."

Duk kwanakin nan mahaifiyarmu tana zaune ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta, taku kamar goma daga tabarmar, tana ɓare gyaɗa a faifai. Ba ta ce komai ba game da wasan, sai ranar farko da ta tambaya ko an tabbata ba caca ba ce.

Ni ne ɗanta na fari. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi. Kunya ce, kuma abin yabo ce ga mace. Da aka yaye ni aka kai ni wurin yayar mahaifina a wani ƙauye bayan Kafur, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita na tashi ina kira Inna har ta rasu, kuma ban rasa komai a hannunta ba. Sai da zan shiga sakandare na dawo Malumfashi, na tarar da ƙanne suna kiran wata mata Umma suna hawa jikinta. Ni kuwa in na durƙusa gaishe ta da safe, takan amsa tana duban wani wuri. Abincina ba ya makara, wankina ba ya kwana. In tana da magana da ni sai ta ce, "Ku ce wa yayanku." Ban taɓa ɗaukar wannan laifi ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Abu ɗaya ne ban sani ba: ranar da aka ɗauke ni, ko ta ji wani abu, ko kuwa sauke kaya ta yi. Na doshi shekara arba'in ban sani ba, kuma ba tambaya ce da ɗa ke yi wa uwarsa ba.

Na karɓi fensir. Lido ya ba maharbina juriya mai yawa da iya magana kaɗan. A wurin abin da yake tsoro na rubuta babu. A wurin abin da yake nema na daɗe, sannan na bar shi fari. Asalin kuwa ban ɓata minti biyar a kansa ba, layi huɗu ne. A lokacin na gaya wa kaina cewa umarnin auta na bi, na rage dangi don tafiya ta yi sauri. Yanzu ba zan rantse a kan haka ba.

Auta tana da doka: duk wanda ya gama asali zai karanta a fili, kowa da ke wurin yana da damar tambaya, abin da aka tsayar kuma a rubuta ya zama gaskiyar labari. Na gyara murya irin ta aji na karanta.

"An haife shi a garin da bai sani ba. Da aka yaye shi, uwarsa ta miƙa shi ga wata mata, ta juya, ba ta ƙara waiwayarsa ba. A daji ya girma. Ba ya bin kowa gaisuwa, ba mai binsa."

Sai da na ji abin a bakina na ji nauyinsa. Ƙanena ya zaro waya ya hau dubawa kamar an kira shi. Auta ta ƙura wa kalandarta ido. Daga ƙarƙashin rumfa ƙarar ɓawon gyaɗa ta tsaya.

"Auta," in ji mahaifiyarmu. "Kin ce kowa na iya tambaya?"

"E, Umma."

"Wanga mutum na takarda, wata nawa gare shi da aka yaye shi?"

Auta ta dube ni. Na ce ban rubuta ba.

"Ki ce a rubuta wata ashirin. Ki ce kuma bai shan kunu in ba bisa cinyar uwarshi ba."

Na rubuta. Ban san abin da zan yi ba in ba rubutun ba. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki, wasan ranar ya watse ba tare da wani ya ce a tashi ba.

Washegari na wuni a gona ina taya masu zuba taki, aikin da ba ya bukatata. Na yi tunanin komawa Funtuwa, na ce in na tafi na tabbatar da abin da ake zato. Na yi tunanin yaga takardar, shi ma haka. Kunya nake ji, irin ta babban mutum da aka kama yana ƙorafi a bayan labule. A ƙarshe na yanke shawarar in zauna kamar ba abin da ya faru, wanda shi ne abin da gidanmu ya fi ƙwarewa a kai.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma. Auta ta yi sauri ta ɗora labari, ta ce maƙeri ya iso ƙofar gari ya tarar da wani maharbi zaune a gindin kuka yana gyara kibiya. Ta miƙo mini koren ɗan lidon.

"Ba a gama da asalin ba," in ji mahaifiyarmu.

Tana wurinta na jiya, da faifanta, fuskarta na duban bangon maƙwabta. Auta ta ajiye lidon a hankali.

"Ki ce a gyara inda aka ce ta miƙa shi. Ba miƙa shi ta yi ba. Ce mata aka yi kwana bakwai zai yi, ya manta da nono a maido shi. Ta wanke kayanshi ta ninke tana jira. Kwana bakwai ya wuce, wata ya wuce. Rannan uwar mijinta ta kira ta ɗaki ta ce, yayar mijinki ba ta da ɗa, an bar mata shi."

Auta ta maimaita mini kalma bayan kalma, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Na rubuta a ƙasan layukana huɗu.

"Ita mi za ta ce? Ɗan fari ne. In ta buɗe baki, a ce ɗiyar gidan wane ba ta da kunya, har uwayenta a zaga. Ta ce to, Allah ya raya shi. Ta koma ɗaki. Kayan nan da ta ninke sun shekara a ƙasan akwati kafin ta iya ba wani."

Wannan karon auta ba ta maimaita ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ka ji."

Na ce na ji. Hannuna yana tafiya daidai, rubutuna bai karkace ba. Na lura da wannan a lokacin, har na ɗan yaba wa kaina.

"A kuma gyara inda aka ce ba ta waiwaye shi ba. Tana da ƙanwar uwa a ƙauyen da ke gaba da wanda aka kai yaron, tsohuwa mai yawan ciwo. Sai ta riƙa neman izinin zuwa dubo ta. Ta hau mota a sauke ta Kafur, ta taka da ƙafa. Hanyar ba ta bi ta gidan da yaron yake ba, ita ke karkatawa. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu mai tumaki, ita kaɗai ta sani. Sai ta shiga gidan tsohuwar ta tsaya bayan danga, inda kara ya ɗan buɗe."

"Sau nawa, Umma?" in ji auta. Ta manta da muryarta ta mai jan labari.

"Duk lokacin da aka bar ta. Wani zubin ta gan shi, wani zubin an tafi da shi gona, ta juya haka nan. Takan soya ƙuli-ƙuli ta ƙulle a leda ta ba tsohuwar. Tsohuwar ta kira shi ta ba shi, ta ce ya tsaya nan ya cinye."

A nan fensirin ya tsaya.

Na tuna tsohuwar. Na tuna warin garken tumakinta da yadda take kirana ta saman danga. Takan ba ni ƙuli-ƙuli mai ɗan yaji, ba irin na ƙauyenmu ba, ta kama kafaɗata ta tsayar da ni wuri ɗaya, kullum wuri ɗaya, kusa da turken rago, ko da rana na dukan wurin. In na ce zan kai gida in ci sai ta ce a'a, nan za ka cinye, juyo nan, ɗaga kanka. Na sha ba wa abokaina labarinta a matsayin tsohuwa mai ɗan taɓin hankali da ta ɗauki son duniya ta ɗora mini. Har a aji na taɓa ba da labarin don yara su yi dariya.

Mahaifiyarmu ta ci gaba, muryarta ba ta hau ba ba ta sauka ba, kamar mai lissafa kayan miya.

"Akwai ranar da ya biyo zabi da gudu ya taka fartanya, ta tsaga mashi diddige. Na hagu. Uwar tana tsaye bayan danga. Ta ga jinin, ta ji ihunshi. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije har matar da ke riƙonshi ta fito ta ɗauke shi. Ranar ba ta isa gidan ƙanwar uwar ba. Nan ta zauna har aka ce mata an ɗaure ƙafar ya yi barci."

Ina zaune a tabarma ba takalmi. Na ja ƙafata ta hagu na tura ta ƙarƙashin cinyata, kamar akwai wanda bai san tabon ba a gidan. Ƙanena ya tashi ya je bakin randa ya sha ruwa, ya daɗe a can yana duban cikin moɗa.

Abin da na fara ji haushi ne, ba tausayi ba. Na so in ce tausayi ne, amma ba shi ba ne. Taku uku ke tsakanin turken ragon nan da dangar. Shekaru ina tsayawa a rana ina tauna ƙuli-ƙuli, ina ɗaga kai ana kallona, ni ban san ana kallona ba. Na girma, na yi aure, na haifi nawa ɗan farin na ɗauke shi a kafaɗa a gaban kowa ana ce mini ɗan boko marar kunya, duk ina ɗauke da tambayar da amsarta ke bayan kara.

Ban dubi mahaifiyarmu ba, don ban iya ba, ban taɓa koya ba. Auta na duba.

"Auta, ni ma ina da tambaya. Tambayi uwar maharbin. Tana ganin jini a ƙafar ɗanta, me ya hana ta shiga?"

Auta ba ta isar da saƙon ba, ba a kuma bukaci ta isar ba. Mai manja ya yi kira a lungu, ya zo ya wuce. Mahaifiyarmu ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta juya ta a hannu ba ta fasa ba.

"Ki ce mashi da ta shiga, goya shi za ta yi ta gudu. Kuma ba ta da inda za ta kai shi da ba za a biyo ta ba. Na farko da dabara aka ɗauke shi, bai san komi ba. Na biyu sai dai a ɓamɓare shi daga bayanta yana kuka, ga shi ya yi wayon da zai riƙe abin har ya tsufa." Ta fasa gyaɗar. "Ta gwammace ya tashi yana zaton ba ta damu ba."

Ta zube ɓawon a kwando, ta dubi gabas ta ce wa auta in an gama a naɗe tabarmar, hadari ya taso. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na juya fensirin na ɗora magogin a kan layin da na rubuta jiya, inda na ce ba ta ƙara waiwayarsa ba. Na yi ta gogawa har takardar ta huje.